Kyautar Banki da Makin Jirgin Sama: Wa Yake Biya, Kuma Hakkin Wane Ne?

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa, ma'aji da shugabannin zumunta na ikilisiyoyinmu

 

Kan maganar da kwamitin taro ya ba mu shi ne kyaututtukan da bankuna da kamfanonin jiragen sama suke ba abokan cinikinsu, wato ladan katin bashi, garaɓasar buɗe asusu, da makin tafiya da ake tarawa har a karɓi tikiti. Da aka kawo mana takardar, sai muka ce a ranmu, ina ruwan manomi da malamin firamare da wannan zance? Yawancinmu ba mu taɓa riƙe katin bashi ba. Wanda ke aljihunmu katin cire kuɗi ne, abin da ka ajiye shi za ka ɗauka. Amma da muka zauna muka yi tunani, sai muka ga dalilai uku da suka sa zancen ya shafe mu. Na ɗaya, 'ya'yanmu da suke karatu ko aiki a Amurka da Ingila suna cikin wannan harka tsundum, kuma mu ne suke bugo wa waya idan abu ya ɓaci. Na biyu, irin wannan dabara ta riga ta shigo wayoyinmu da bankunanmu da wata kama. Na uku kuwa wani abu ne da ya faru a kan idonmu, da shi za mu fara.

ABIN DA YA FARU A WATA IKILISIYA

A wata ikilisiya da muka yi hidima, ba za mu faɗi sunan garin ba, akwai ma'aji, dattijo mai gaskiya, wanda ya riƙe kuɗin ikilisiya shekara 9 ba a taɓa neman kwabo an rasa ba. A lokacin ana tara kuɗin sabon rufin ɗakin sujada. Sai wani banki ya fito da garaɓasa, cewa duk wanda ya bar wani adadin kuɗi a asusun ajiyarsa har wata 3, za a sa sunansa cikin ƙuri'a. Garaɓasar ta asusun mutum ɗaya ce, ban da na ƙungiya. Dattijon nan ya kwashe kuɗin rufi ya zuba a asusunsa na kansa, bai gaya wa kowa ba, da nufin zai mayar bayan wata 3. Aka yi ƙuri'a, ya ci babur sabo fil. Ya mayar da kuɗin rufi cif, ya hau babur ɗinsa ya zo sujada.

Kafin mako 2 ikilisiya ta rabu gida biyu. Waɗansu suka ce rabonsa ne, ai bai ci kwabon kowa ba. Waɗansu suka ce, to kuɗin wa ya jawo babur ɗin? Wata uwa a zumuntar mata ta yi tambayar da ta rufe bakin kowa. Ta ce, da Baba ma'aji ya rasu cikin watannin nan, ashe kuɗin rufinmu ya zama gādon 'ya'yansa ke nan? Mata suka dakatar da gudummawarsu. Damina ta same mu ƙarƙashin tsohon kwano mai yoyo. Daga baya dattijon ya sayar da babur, ya kawo kuɗin gaban majalisar dattawa yana hawaye, ya ajiye aikin. Mun yi asarar ma'aji nagari da shekara guda ta gini saboda babur ɗaya. Laifin kuwa ba nasa ne shi kaɗai ba, gama mu shugabanni ba mu taɓa koyarwa a kan irin wannan ba, ba mu kuma rubuta wata ƙa'ida ba. Abin da muke so mu magance yau ke nan.

SUNAN ABIN A WURINMU SHI NE GYARA

Kowa a nan ya san gyara a kasuwa. Ka sayi mudu 5 na dawa, mai awo ta ƙara maka tafi ɗaya a kai. Kai ka ji daɗi, ita kuma ta san kasuwa mai zuwa wurinta za ka nufo. Ba ta yi asara ba, domin kuɗin wannan tafi yana cikin farashin mudu tun farko. Ba mu kuwa taɓa ganin mai hankali ya sayi buhun dawar da ba ya bukata, balle ya ci bashi ya saya, don kawai a ba shi gyara ba. 'Yan'uwa, ku riƙe wannan misali. Ladan kati, garaɓasar banki da makin jirgi duka gyara ne, sai dai an sa musu kwat da wando.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

Gidan wannan harka Amurka ne. A 1950 aka fito da katin Diners Club a birnin New York, domin masu kuɗi su ci abinci a gidajen cin abinci su biya a ƙarshen wata. A 1958 Bank of America ya aika da katuna kimanin 60,000 zuwa gidajen mutanen garin Fresno a jihar Kaliforniya, ba tare da sun roƙa ba. Wannan katin ne ya zama Visa a 1976. Yadda katin bashi yake aiki shi ne, banki ne yake biya wa mutum a shago, a ƙarshen wata ya aiko masa da lissafi. In ya biya duka kafin wa'adi, babu kuɗin ruwa. In ya biya wani sashi ya bar saura, sauran ya fara haihuwa.

Makin jirgi kuma ya biyo baya. A 1978 gwamnatin Amurka ta sakar wa kamfanonin jiragen sama mara su yanka farashin tikitinsu da kansu, gasa ta yi zafi. A 1981 kamfanin American Airlines ya fito da tsarin AAdvantage, inda ake rubuta wa fasinja maki gwargwadon nisan tafiyarsa, in makin ya taru ya karɓi tikiti. Sauran kamfanoni suka bi sahu nan da nan. A 1986 katin Discover ya bazu da alkawarin mayar wa mai saye wani ɗan kaso na abin da ya kashe. A 1987 kuma aka ɗaura auren banki da jirgi, lokacin da Citibank ya fito da katin da ke ba mutum makin American Airlines a kan kowace dala da ya kashe, ko da bai taɓa taka filin jirgi ba. Tun daga nan bankuna suke sayen maki a hannun kamfanonin jirage suna raba wa masu katinsu.

WA YAKE BIYA?

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Banki ba gidan marayu ba ne. Kuɗin kyautar nan daga aljihu uku yake fitowa.

Aljihu na farko na mai shago ne. Duk sa'ad da aka biya da katin bashi a Amurka, ana cire wa mai shago kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na cinikin, mafi yawa ya tafi wurin bankin da ya ba da katin. Mai shago kuwa ba zai ɗauki asarar ba, sai ya ɗora ta a kan farashin kaya, kowa ya biya, har da talakan da ya zo da tsabar kuɗi wanda ba ya samun ladan komai. Shaidar cewa daga nan ladan yake fitowa ita ce abin da ya faru a Turai. A 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade kason bankin da ya ba da kati, kada ya wuce kashi 0.3 cikin 100 a kan katin bashi. Shi ya sa ladan katunan Turai bai kama ƙafar na Amurka ba.

Aljihu na biyu na mai bashi ne, wanda ya kasa biyan lissafinsa duka a ƙarshen wata. A 2023 bashin da Amurkawa suka ci ta katin bashi ya haura dala tiriliyan 1, matsakaicin kuɗin ruwan katin kuma ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara. A wannan shekarar Babban Bankin Amurka ya wallafa binciken waɗansu masana tattalin arziki, waɗanda suka ƙiyasta cewa ta hanyar katunan lada, kimanin dala biliyan 15 ne a kowace shekara suke tashi daga hannun waɗanda ba su iya sarrafa katin ba zuwa hannun waɗanda suka iya, daga unguwannin marasa ƙarfi zuwa unguwannin masu hali. Wato tikitin da wani ya karɓa yana murna, akwai wani a gefe da ke biyansa da zufa.

Aljihu na uku na mai lada ne da kansa. Katuna masu manyan kyaututtuka suna da kuɗin shekara. A 2016 bankin Chase ya fito da katin Sapphire Reserve da kyautar maki 100,000 ga sabon shiga. Mutane suka yi rububi har katunan ƙarfe da bankin ya tanada suka ƙare. Amma sharaɗin a lokacin shi ne ka kashe dala 4,000 cikin wata 3, ka kuma biya dala 450 kuɗin shekara. Ga wanda dama harkokinsa suna cin wannan kuɗi, ya samu. Ga ɗalibin da abincinsa da kuɗin motarsa ba su kai rabin haka ba, sai ya shiga sayen abin da ba ya bukata don ya cika sharaɗi. Akwai kuma wani abu da masana suka gano game da halin ɗan Adam. A 2001 waɗansu malamai biyu na jami'ar MIT suka wallafa gwajin da suka yi, inda aka yi gwanjon tikitin kallon wasan ƙwallon kwando. Waɗanda aka ce za su biya da kati sun taya kusan ninki biyu na waɗanda aka ce za su biya da tsabar kuɗi. Kuɗin da hannu bai ƙirga ba, zuciya ba ta jin zafin fitarsa.

BARI MU YI LISSAFI

Dattawa, ku ba mu aron hankalinku a nan, domin wannan ne abin da za ku gaya wa 'ya'yanku a waya. A ce kati yana mayar da kashi 2 cikin 100, kuɗin ruwansa kuma kashi 24 cikin 100 ne a shekara, wato kashi 2 a wata. Yaro ya kashe dala 1,000, ladansa dala 20. In bai biya ba har wata ɗaya ya zagayo, kuɗin ruwa dala 20. Wata ɗaya tak ya cinye ladan gaba ɗaya, daga wata na biyu kuma asara ce zalla.

A ce kuma bashin ya kai dala 3,000, yaron yana biyan dala 75 kowane wata, yana ganin yana ƙoƙari. A watan farko dala 60 kuɗin ruwa ne, dala 15 kaɗai ke rage uwar bashi. Ko da bai ƙara sayen ko allura da katin ba, zai yi kusan shekara 7 yana biya, abin da zai biya gaba ɗaya kuma ya haura dala 6,000. Saboda irin wannan ne a 2009 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa bankuna su rubuta a takardar lissafi tsawon lokacin da mutum zai ɗauka in yana biyan mafi ƙarancin abin da aka yanka masa. Ku ce wa 'ya'yanku su karanta wannan wurin a takardarsu.

Ba muna cewa babu masu cin moriya ba. Akwai su. A 1999 wani injiniya a Kaliforniya ya lura wani kamfanin abinci yana ba da makin jirgi ga mai sayen kayansa. Ya yi lissafi, ya sayi ƙananan kofuna fiye da 12,000 na wani abin zaƙi mai kauri a kan kimanin dala 3,000, ya samu maki fiye da miliyan 1. Yawancin abincin ya ba ƙungiyar agaji ta Salvation Army, su kuma suka taimaka masa ɓare takardun shaidar saye. Har yau ana ba da labarinsa. Amma ana ba da shi ne domin irinsa ba su da yawa, kuma mutumin da kuɗinsa ya saya, ba da bashi ba. Masu cin riba a wannan harka halinsu ɗaya ne: suna biyan lissafinsu duka kowane wata, ba sa sayen abin da ba su yi niyya ba, suna kuma rubuta ranakun wa'adi kamar yadda manomi ke lura da ranar shuka. Haka yake ga kyautar buɗe asusu, wadda a Amurka takan kai dala 200 ko 300, a Ingila kuma fam 100 zuwa 200 ga wanda ya sauya banki. Akwai sharaɗin shigar albashi da na barin kuɗi na wani lokaci, wanda ya saɓa ya rasa kyautar, wani lokaci har a caje shi. A Amurka ma ana biyan haraji a kan wannan kyauta.

MAKIN JIRGI BA AJIYA BA NE

Waɗansunmu suna tafiya taro ko karatu ko ziyarar Urushalima, saboda haka ya kamata mu san wannan. Yin rajistar makin jirgi kyauta ne, babu laifi a ciki. Wanda yake hawa Ethiopian Airlines daga Abuja ko Legas yana iya shiga tsarinsu na ShebaMiles, kuma tun da kamfanin ya shiga ƙawancen Star Alliance a 2011, makin yana aiki a jiragen abokan ƙawancensa. In dama tafiyar ta kama, a karɓi makin.

Sai dai mu san cewa maki kuɗi ne wanda kamfani ke bugawa da kansa, shi ne kuma yake yanka darajarsa. Yau zai ce tikiti maki kaza ne, baɗi ya ƙara, babu wanda zai hana shi. A tsare-tsare da yawa makin yana mutuwa in an daɗe ba a motsa shi ba. Tikitin da ake kira na kyauta ma sai an biya haraji da waɗansu caje-caje a kansa, kujerunsa kuma ƙalilan ne a lokacin Kirsimeti da hutu, lokacin da kowa yake son tafiya. Domin ku ga wanda ya fi cin riba, a 2020, da annobar korona ta tsayar da jirage, kamfanin United Airlines ya jinginar da tsarin makinsa ya karɓi bashin dala biliyan 6.8. An kimanta tsarin makin a kan kusan dala biliyan 22, fiye da darajar dukan hannun jarin kamfanin a kasuwa a lokacin. A 2023 kuma kamfanin Delta ya karɓi kusan dala biliyan 7 daga American Express saboda katunan da suke yi tare. Wanda ya sayi tikiti mai tsada, ko ya ƙirƙiro tafiyar da ba ta zama dole ba domin ya cika maki, ya sayi buhu ke nan saboda gyara.

YADDA ABIN YAKE A GIDA

A ƙasarmu katin bashi bai yaɗu ba, amma ƙugiyar ɗaya ce, abincin da ake sa mata ne ya bambanta. Akwai garaɓasar ajiya ta bankuna irin wadda ta kama dattijonmu. Akwai manhajojin kuɗi na waya da ke mayar maka 'yan nairori in ka sayi katin waya, ko su ba ka lada in ka kawo wani. Akwai rancen katin kira, inda waɗansu kamfanonin waya ke cire kashi 15 cikin 100 tun kafin ka yi kira, ka ranci na naira 1,000 a ba ka na 850. Akwai manhajojin ba da rance da ke yi wa sabon shiga rangwame, in ya makara da biya su aika wa dukan lambobin da ke wayarsa saƙon cin mutunci, har fastonsa da surukansa. Abin ya yi muni har a 2022 hukumar kare hakkin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin waɗansunsu a Legas.

Mafi haɗari su ne waɗanda babu ciniki a bayansu sam, sai lada kawai. Kun tuna MMM, wanda ya yi alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata da ƙarin lada ga wanda ya kawo wani, ya kuma rufe asusun mutane a Disamban 2016. Hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ce 'yan Nijeriya kimanin miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. A Afrilun 2025 CBEX ya rushe da kuɗin jama'a ta irin wannan hanya. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne irin waɗannan suna yaɗuwa ta wurin amana, ɗan'uwa ya kawo ɗan'uwa, a ƙofar ɗakin sujada bayan an tashi. Wanda ya karɓi ladan kawo mutum, in abin ya rushe, shi za a riƙe. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ga ma'aunin da za mu riƙe. Ladan kati a Amurka, inda harkar ta fi ƙarfi a duniya, yawanci kashi 1 zuwa 2 ne cikin 100 na abin da ka kashe. In wani ya zo ƙauyenmu da alkawarin kashi 30 a wata, mu tambaye shi wane mai shago ne yake biya. In babu amsa, to kuɗin wanda zai shiga bayanka ne za a ba ka, ranar da layi ya ƙare kuma na ƙarshe su ne za su yi kuka. Mu tuna da Isuwa a Littafin Farawa sura 25, wanda ya ba da matsayinsa na ɗan fari saboda abinci kwano ɗaya. Abin da ke gaban ido yakan rufe abin da ya fi shi daraja.

IDAN KUƊIN NA IKILISIYA NE FA?

Yanzu mu koma kan babur ɗin. Wannan tambaya ba mu kaɗai ta dama ba. A 2002 a ƙasar Jamus aka gano waɗansu 'yan majalisa suna amfani da makin jirgin da suka tara a tafiye-tafiyen aiki suna tafiyar kansu da ta iyalinsu. Abin ya zama abin kunya har Gregor Gysi ya sauka daga muƙaminsa na mai kula da tattalin arziki a gwamnatin birnin Berlin, Cem Özdemir ma ya ajiye muƙaminsa a majalisa. A 2006 babbar kotun ma'aikata ta Jamus ta yanke cewa wanda ya biya kuɗin tafiya yana da iko ya ce makin nasa ne. A Amurka kuwa dokar da aka sa wa hannu a ƙarshen 2001 ta yarda ma'aikatan gwamnatin tarayya su riƙe makin tafiyar aiki. Ƙasashe biyu, hukunci biyu. Darasin shi ne, kowace hanya aka zaɓa, a zaɓe ta a fili, a rubuta ta tun kafin kyautar ta zo.

Manzo Bulus ya ba mu gurbi. Sa'ad da ake tara gudummawa domin 'yan'uwa na Urushalima, bai ɗauki jakar shi kaɗai ba, ko da yake babu mai shakkar gaskiyarsa. A 2 Korantiyawa sura 8 mun ga ya haɗa aikin da mutanen da ikilisiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi. Mu ikilisiyoyi ne ƙanana, baikonmu daga mudun hatsi da cinikin ƙosai yake fitowa. Ba mu da wani jari da ya wuce yardar da ke tsakaninmu, in ta tsage kuwa ɗinkinta yana da wuya.

SHAWARWARI

Saboda haka muna kawo waɗannan shawarwari gaban taro, kowace majalisar dattawa ta duba su.

1. Kuɗin ikilisiya ya zauna a asusun da ke ɗauke da sunan ikilisiya, da sa hannun aƙalla mutum 2. Kada ya kwana a asusun mutum ɗaya saboda kowace irin garaɓasa, ko fasto ne, ko ma'aji.

2. Kada a sauya banki saboda kyauta sai majalisa ta zauna. A tabbata bankin yana da lasisin Babban Bankin Nijeriya da inshorar NDIC. Tun 2024 inshorar tana rufe har naira miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci, da naira miliyan 2 a ƙananan bankuna.

3. Duk kyauta, lada ko kamasho da kuɗin ikilisiya ya jawo, har da wanda mai sayar da siminti ko kwano ya ba wanda aka aika, a kawo shi gaban majalisa a rubuta. In majalisa ta ga dama ta bar wa mutumin, ya karɓa da hannu biyu da kwanciyar rai.

4. In ikilisiya ko gunduma ta biya tikitin jirgi, a rubuta tun yau ko makin na matafiyi ne ko za a yi amfani da shi a tafiyar aiki ta gaba.

5. Kada a yi tallan wani tsarin zuba kuɗi ko na kawo mutum a kan bagade, ko a taron zumunta, ko a dandalin WhatsApp na ikilisiya.

6. Iyaye masu 'ya'ya a waje, ku yi musu tambaya ɗaya: kana biyan katinka duka kowane wata? In ya ce i, ku bar shi ya ci gyaransa. In ya fara kame-kame, ku ce ya daina sabon saye da katin, ya fara biyan wanda ya fi kuɗin ruwa. Mu kuma mu rage musu nauyi. Sau da yawa kuɗin da muke matsa musu su aiko na biki ko na gini, da katin nan suke cirowa, cire tsabar kuɗi da katin bashi kuwa ruwansa ya fi tsada, yana kuma fara hawa tun ranar da aka cira, babu lada a kansa.

7. Kafin kowannenmu ya karɓi wata garaɓasa, ya tambayi kansa: da babu kyautar nan, zan kashe wannan kuɗi? In amsar a'a ce, ya mayar da hannunsa aljihu.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, ba mu zo mu haramta gyara ba. In ka sayi abin da kake bukata da kuɗin da kake da shi, aka ƙara maka, karɓi ka yi godiya. Abin da muke roƙo shi ne mu san wanda yake biya, kada mu ci bashi saboda lada, kada kuma mu taɓa abin da aka ba mu amana domin neman rabonmu.

Dattijon da muka ba ku labarinsa yana nan da rai, mun kuma nemi izininsa kafin mu kawo zancen nan. Ya ce mu faɗa, in dai zai hana wani ma'aji shiga abin da ya shiga. An gama rufin a shekarar da ta biyo, kuɗin babur ɗin ma yana cikin kwanon da ke kan ɗakin. Ikilisiyar ta rubuta ƙa'idarta a shafi ɗaya, ana karanta ta duk ranar da aka zaɓi sabon ma'aji. Muna roƙon kowane sakatare da ke nan ya sa wannan batu cikin ajandar zaman majalisa na wata mai zuwa, ya kuma kawo mana rahoto a taro na gaba.

 Ubangiji ya ba mu hikima, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.